Yadda Ake Karanta Ganyen Sabon Dashe Kafin A Nemi Magani

Gabatarwa

A ƙasarmu Nijar, tun shekarar 1975 ake dashen itatuwa kowace ranar 3 ga watan Agusta. A shekarar 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa a birnin Maradi a kan yaƙi da gurgusowar hamada. Daga wancan lokaci zuwa yau, wuraren renon itatuwa, waɗanda ake kira pepiniyar, sun yawaita. Ana samun su a bakin kogi a Yamai, a Gaya, a gulbin Maradi, a Birnin Ƙonni, a Mirya da Matamaye. Jama'a suna zuwa su sayi dashen mangwaro, lemu, gwaba ko magarya mai aure, domin su dasa a garka ko a tsakar gida.

Dashe mai aure ya fi tsada, kuma da dalili. Mangwaro mai aure yakan fara ƴaƴa cikin shekara 3 zuwa 4. Wanda ya tsiro daga ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8, kuma sau da yawa ba a san irin ɗan da zai bayar ba. Saboda haka wanda ya sayi dashe ya zuba kuɗinsa da fatansa cikin ƴar leda guda.

Sai dai sau da yawa, ba a yi mako guda da kawo dashen gida ba, sai a ga ganyensa ya sauya. Wani ya yi yaushi, wani ya yi tabo, wani bakinsa ya ƙone. Nan take wasu su ƙara masa ruwa, wasu su zuba taki, wasu kuma su garzaya kasuwa su sayo maganin ƙwari. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku yana iya kashe dashen, idan ba shi yake bukata ba.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ganye shi ne fuskar icce. Wannan darasi zai nuna yadda ake karanta ganye kamar yadda ake karanta rubutu, domin a san abin da ya same shi kafin a taɓa magani.

Mene ne aikin ganye?

Ganye, wanda wasu ke kira kunnen icce, shi ne madafin icce. Saiwa tana jawo ruwa da abinci daga ƙasa. Ganye yana haɗa su da iska da hasken rana, ya sarrafa abincin da icce yake girma da shi. Idan saiwa ta samu matsala a ƙarƙashin ƙasa, a ganye ake fara ganin alamar.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ku riƙe tun yanzu.

Na ɗaya: wurin da ya lalace a jikin ganye ba ya komawa daidai. Tabon da ya bushe zai zauna har ganyen ya faɗi. Sabon toho shi ne yake nuna ko icce ya warke.

Na biyu: ganyen da rabinsa ya lalace yana ci gaba da aiki da rabin da ya rage. Ƙaramin dashe ba shi da ganye da yawa. Kada a tsige masa su saboda kawai sun yi muni.

Matakin farko: a ware sabon dashe

Sabon dashe baƙo ne. Ba a san abin da ya ɗauko daga inda ya fito ba. Kada a dasa shi ranar da aka kawo shi, kuma kada a ajiye shi kusa da tsofaffin itatuwan garka. A ware shi har mako 2.

A ajiye shi cikin inuwa marar duhu, kamar ƙarƙashin rumfa, inda iska mai ƙarfi ba ta bugawa. A ɗora ledar bisa dutse ko bulo saboda gara. A killace wurin saboda awaki da kaji. A cikin wannan lokaci ba a ba shi taki, ruwa kaɗai ake ba shi. Bayan kwana 3 ko 4 a fara fito da shi ranar safe na ɗan lokaci, kullum ana ƙarawa, har ya saba da rana.

Tambayoyi huɗu da za a yi wa ganye

Ku zauna kusa da dashen da safe, lokacin da haske yake da kyau. Ku duba saman ganye, ku juya ku duba ƙarƙashinsa. Sannan ku amsa waɗannan tambayoyi:

1. Wane ganye ne abin ya shafa? Tsofaffin da ke ƙasa, ko sababbin da ke sama, ko kuwa na gefe ɗaya kawai?
2. Wane sashe na ganyen? Bakinsa da gefensa, ko tsakiyarsa, ko tsakanin jijiyoyinsa?
3. Yaya kamannin tabon? Busasshe ne ko jiƙaƙƙe? Ya yi tudu ko ya huje? Idan an goge shi da yatsa yana fita?
4. Yana ƙaruwa ko ya tsaya?

Tambaya ta huɗu ita ce uwar tambayoyin. Rauni yana tsayawa inda ya tsaya. Cuta da ƙwari kuwa tafiya suke yi, daga ganye zuwa ganye.

Gwajin mako ɗaya

Ga hanya mai sauƙi ta amsa tambaya ta huɗu. Ba ta bukatar kuɗi, sai bik da kaye.

Ku zaɓi ganye 2 ko 3 masu tabo. Ku zagaye kowane tabo da bik, a hankali, daidai bakinsa. Ku ƙirga ganyen da suka lalace da waɗanda suke lafiya. Ku rubuta adadin a kaye tare da kwanan wata. Bayan kwana 7 ku sake dubawa.

Idan tabon bai ƙetare zanen ba, kuma adadin bai ƙaru ba, to rauni ne da ya riga ya wuce. Babu maganin da za a saya. Idan tabon ya ƙetare zanen, ko ya bayyana a ganyen da da lafiyarsa lau, to akwai abin da yake ci gaba da aiki, kuma dole a gano shi.

Amma idan dashen gaba ɗaya ya yi yaushi ya langaɓe, ba a jiran mako guda. A duba ƙasar ledar da saiwarsa a ranar, kamar yadda za a bayyana a gaba.

Abin da ba ciwo ba ne

Sabon ganyen mangwaro yana fitowa ja-ja ko ruwan hanta, da laushi, yana rataye kamar wanda ya yi yaushi. Mutane da yawa suna tsorata, har wasu su tsige shi. Wannan halittarsa ce. Cikin ƴan makonni zai yi ƙarfi ya koma kore, wato tsanwa. Ganin irin wannan toho albishir ne, domin yana nuna saiwa tana aiki.

Haka kuma idan tsohon ganye 1 ko 2 na can ƙasa ya yi ruwan ɗorawa ya faɗi, alhali sauran suna lafiya, tsufa ne kawai.

Wani lokaci kuma akan ga an yanke gefen ganye a zagaye, sumul, kamar da almakashi. Wannan aikin wata ƴar ƙudan zuma ce mai ɗibar ganye ta yi sheƙa. Ba ta kashe icce.

Raunin hanya da ƙunar rana

Yawancin lalacewar da ake gani a makon farko a hanya ta faru. Dashen da aka ɗauro bayan moto, ko bisa mota, ko cikin amalanke, iska tana kaɗa shi tun daga kasuwa har gida. Ganye yakan yage, ya karye, ko gefensa ya yi baƙi inda ya gogu da wani abu. Alamar takan fito sosai bayan kwana 1 ko 2, shi ya sa ake zaton a gida ta fara.

Ƙunar rana ita ma haka take. A wurin reno dashe yana zaune cikin inuwa. Idan aka fito da shi tsakar rana kai tsaye, musamman a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi yake wuce awo 40, ganyen yakan ƙone. Alamarta ita ce faffaɗan tabo fari-fari ko ruwan ƙasa, busasshe kamar takarda. Yana fitowa a saman ganyen da yake fuskantar rana. Ganyen da ke ɓoye ƙarƙashin wani yana nan lafiya.

Akwai kuma raunin da ba a gani. Idan leda ta daɗe wuri guda a wurin reno, saiwa takan huda ta ta shiga ƙasa. Ranar saye sai a fizge ledar, saiwar ta tsinke. Dashen zai yi yaushi washegari ko da an ba shi ruwa. Ku ɗaga ledar ku duba gindinta. Idan kun ga tsinkakkiyar saiwa, ku mayar da dashen inuwa, ku yanke rabin kowane babban ganye da almakashi mai tsabta domin ya rage zubar da ruwa, ku jira sabon toho kafin ku dasa.

Ƙishirwa da yawan ruwa

Nan ne aka fi yin kuskure, domin ƙishirwa da yawan ruwa suna kama da juna. A duka biyun ganye yana yin yaushi. Yatsa ne yake raba gardama. Ku tura yatsa cikin ƙasar ledar har gaɓa biyu.

Idan ƙasar a bushe take, ƙishirwa ce. Ganye yakan naɗe, bakinsa ya bushe. A ba shi ruwa a hankali har ya fito ta hujin ƙasa. Mafi yawa yakan farfaɗo kafin wayewar gari.

Idan ƙasar a jiƙe take sharkaf amma ganye ya langaɓe, ruwa ne ya yi yawa. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Idan ta zauna cikin ruwa sai ta ruɓe, ta kasa tura ruwa sama. Ganyen ƙasa sukan yi ruwan ɗorawa su zube. Ƙara ruwa a nan ƙara ciwo ne.

Domin tabbatarwa, ku tsaga gefen ledar kaɗan ku duba. Saiwa mai lafiya tana da ƙarfi, kuma bakin ƙananan saiwoyi fari ne. Ruɓaɓɓiya tana da laushi, tana wari, fatarta tana saluɓewa idan an ja ta. A daina ban ruwa har saman ƙasar ya sha iska, kuma a ƙara huda gindin ledar.

Kanwa, gishiri da yawan taki

Idan bakin ganye da gefensa sun ƙone sun yi ruwan ƙasa, ƙunar tana cin ciki a hankali, tsakiyar ganyen kuwa tana nan kore, a yi tunanin gishiri. Tsofaffin ganye ne suka fi nuna wannan. Wani lokaci akan ga farin ɓawo bisa ƙasar ledar.

Abubuwa huɗu ne suke kawo haka: ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri, ruwan wanki mai omo, ɗanyen kashin dabbobi ko na kaji da bai ruɓe ba, da takin zamani da aka zuba ya yi yawa. Iskar hunturu mai bushewa tana ƙara tsananta alamar. Mangwaro da lemu ba su jure gishiri. Dabino da magarya sun fi su juriya, don haka mai garka a wuri mai kanwa ya yi tunani kafin ya zaɓi abin da zai dasa.

Maganin shi ne a wanke ƙasar. A zuba ruwa mai daɗi da yawa sau ɗaya, ya bi ta cikin ledar ya fita da gishirin. Bayan haka a koma ban ruwa daidai wa daida.

Yunwar icce

Dashen da ya daɗe cikin ƙaramar leda yakan cinye abincin da ke ciki. Yunwa ba kasafai take yin tabo ba. Launin ganye take sauyawa, kuma sauyin yakan zo iri ɗaya a hagu da dama na ganyen.

Idan tsofaffin ganye ne suka koɗe gaba ɗaya, har da jijiyoyinsu, kuma dashen ba ya girma, ya rasa sinadarin azot, wanda yake cikin takin ure da takin gargajiya.

Idan sababbin ganyen sama ne suka yi ruwan ɗorawa, amma jijiyoyinsu suna nan kore kamar raga, ya rasa sinadarin ƙarfe. An fi ganin haka a lemu, a ƙasa mai kanwa ko wadda ruwa yake kwanciya. A nan zuba ure ba ya amfani.

Ga ƙaramin dashe, maganin yunwa mafi aminci shi ne a dasa shi cikin rami mai faɗi, wanda aka gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki. Takin zamani sai bayan ya kama ya yi sabon toho. A zuba kaɗan, nesa da gindi, a bi shi da ruwa.

Ƙwari da alamominsu

Kowane ƙwaro da irin sawunsa. Mafi yawansu a ƙarƙashin ganye suke ɓuya.

Tsutsa mai zane. Idan kun ga siririn zane mai ƙyalli kamar azurfa, yana lanƙwasa a jikin sabon ganyen lemu, kuma ganyen ya murɗe, wata ƴar tsutsa ce take tafiya cikin fatar ganyen. Sabon toho kawai take ci. A dashe ɗaya ko biyu ana iya murƙushe ta da yatsa a ƙarshen zanen.

Tsutsar malam-buɗe-littafi. Tana cin ganyen lemu daga gefe. Tana ƙarama kamanninta kamar kashin tsuntsu, baƙi da fari. Idan ta girma sai ta koma koriya. Ƴan kaɗan suna iya cinye ganyen ƙaramin dashe cikin ƴan kwanaki. A tsince ta da hannu kowace safiya.

Darɓa. Ƙananan ƙwari ne masu taruwa a sabon toho suna tsotsar ruwansa. Ganye yakan naɗe, ya yi danƙo kamar an shafa zuma. Ganin kiyashi suna hawa da sauka alama ce ta darɓa.

Ƙwaro mai auduga. Yana kama da ɗigon farar auduga a ƙarƙashin ganye da mahaɗar reshe. Akwai irinsa mai addabar mangwaro wanda asalinsa daga Asiya yake. An fara ganinsa a Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, a Togo da Gana, daga nan ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Irin waɗannan ƙwari a jikin dashe suke yin doguwar tafiya, shi ya sa ake ware baƙon icce.

Baƙin kunkunniya. Idan ganye ya yi baƙi kamar hayaƙi ya taɓa shi, ku goge da jiƙaƙƙen tsumma. In ya fita, ganyen yana kore a ƙasa, to funfuna ce da ta tsiro bisa zaƙin da darɓa ko ƙwaro mai auduga suka zubar. A kawar da ƙwarin, baƙin zai daina.

Jan gizo. Ƙanana ne ƙwarai, sun fi yawa lokacin zafi da ƙura. Ganye yakan yi ɗigo-ɗigo fari, ya dushe. Ku kaɗa ganyen bisa farar takarda. Idan kun ga jajayen ɗigo suna motsi, su ne. A riƙa wanke ƙarƙashin ganye da ruwa.

Fara da gara. Fara tana cin manyan ɓangarori ta tafi. Gara kuwa ba ta taɓa ganye, gindi da saiwa take ci, sai a ga dashen ya bushe gaba ɗaya. A duba ko akwai ginin laka a jikin gindin.

Cututtuka masu yaɗuwa

Waɗannan su ne suka fi haɗari, kuma sun fi tashi da damana, lokacin da ganye yake daɗewa a jiƙe.

Cutar funfuna ta mangwaro. Tana yin tabo baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, marar tsari, musamman a sabon ganye. Tabon yana faɗaɗa, ya haɗu da ɗan uwansa, wani lokaci tsakiyarsa ta faɗi ta bar huji. A cire ganyen da ta ci sosai a ƙone. A riƙa zuba ruwa a ƙasa, a daina watsa shi bisa ganye.

Cutar baƙin ɗigo ta mangwaro. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Tabonta ƙanana ne, baƙi ƙirin, masu kusurwa, sun ɗan yi tudu, sau da yawa da zobe ruwan ɗorawa kewaye da su. Tun daga wajajen shekarar 2010 aka tabbatar da ita a Gana, Mali da Burkina Faso.

Cutar ƙuraje ta lemu. Tana yin ƙurji mai kaushi, ruwan ƙasa, wanda ake ji da yatsa a sama da ƙarƙashin ganyen, shi ma da zobe ruwan ɗorawa. Lemun tsami ya fi kamuwa. Zanen da tsutsa take yi a ganye yana buɗe mata ƙofa.

Waɗannan cututtuka biyu na ƙarshe ba su da maganin da yake fitar da su daga jikin icce. Ruwan sama mai iska, wuƙa, almakashi da hannu suna ɗaukar su daga icce zuwa icce. Idan malamin gona ya tabbatar sabon dashe yana ɗauke da ɗayansu, kada a dasa shi. A ƙone shi. Asarar dashe ɗaya ta fi sauƙi bisa asarar garka.

Cutar ƙaro ta lemu. Ganye yana yin ruwan ɗorawa, amma tushen ciwon a gindi yake. Ɓawon gindi yakan tsage yana fitar da ƙaro. Tana kama lemun da aka binne da zurfi, ko wanda ruwa yake kwanciya a gindinsa. Wajen dasawa, a bar mahaɗar aure sama da ƙasa sosai. A tara ƴar ƙasa kewaye da gindi domin ruwan da aka zuba kada ya taɓa shi.

Bayan an taɓa icce marar lafiya, a wanke hannu da sabulu. A tsoma wuƙa ko almakashi cikin ruwan jabel, awo 1 cikin awo 9 na ruwa.

A duba mahaɗar aure

Wani lokaci saman dashe yana ramewa, amma wani reshe mai ƙarfi ya fito daga ƙasan mahaɗar aure. Wannan reshe na uwar gindi ne, kuma shi yake shanye abincin. Idan aka bar shi, irin da aka saya zai mutu, a wayi gari da icce na gama-gari. A cire duk tohon da ya fito ƙasan mahaɗa tun yana ƙarami. A duba kuma ledar da aka naɗe auren da ita. Idan auren ya kama, ledar ta fara shaƙe reshen, a kwance ta.

Yaushe ake fesa magani?

Ana fesa magani ne kawai idan an ga ƙwaron da ido, kuma tsincewa da wankewa ba su isa ba. A fara da ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. Ga yadda ake haɗa shi:

1. A daka busassun ƴaƴan bedi, a auna rabin kilo na garin.
2. A jiƙa shi cikin lita 10 na ruwa, ya kwana.
3. A tace da tsumma mai laushi, a narka ɗan guntun sabulu a ciki.
4. A fesa da marece, sama da ƙarƙashin ganye. A maimaita bayan mako 1.

A fara gwadawa a ganye kaɗan. Ruwan bedi yana rage darɓa da tsutsa, amma ba ya maganin ƙunar rana, gishiri, yunwa ko ruɓewar saiwa.

Maganin ƙwari na kanti guba ne. Kada a saya sai da shawarar malamin gona. A nemi wanda kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wato CSP, ya amince da shi, mai lamba a jikin takardarsa. A guji wanda aka ɗura cikin kwalba marar suna. Kada a yi amfani da famfon da aka taɓa fesa maganin ciyawa da shi, domin ragowarsa tana murɗe ganye, tana iya kashe dashen.

Ina za a nemi taimako?

Matambayi ba ya ɓata. A fara komawa wurin mai reno, cikin ladabi, a nuna masa ganyen. A duba sauran ƴan uwan dashen da suka rage a wurinsa. Idan su ma suna da irin tabon, daga can ya taho, kuma shi ma mai renon zai amfana da sanin haka.

Bayan shi akwai malamin gona na ƙaramar hukuma, ma'aikatan kare tsirrai, da ma'aikatan gandun daji. Akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a shekarar 1975. Akwai kuma RECA, tarayyar majalisun manoma ta ƙasa, mai ba manoma shawara.

A kai ganyen cikin leda a ɗaure, domin kada a yaɗa cuta a hanya. Mai salula ya ɗauki hoto 3: dashen gaba ɗaya, saman ganye, da ƙarƙashinsa. A tafi da kayen da aka rubuta ranar saye, ranar da aka fara ganin alamar, da yawan ruwan da ake ba shi. Wannan rubutu yana sauƙaƙa wa malamin gona aiki ƙwarai.

Kafin saye na gaba

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ku biya, ku juya ganye ku duba ƙarƙashinsa. Ku duba mahaɗar aure ko ta haɗe sarai. Ku ɗaga ledar ku ga ko saiwa ta huda ta. Ku tambayi sunan irin ku rubuta. Ku ɗauko dashen da sassafe ko da marece, a tsaye, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ku riƙe shi ta leda, kada ku ɗaga shi ta wuya. Ranar dasawa a yanke gindin ledar kamar faɗin yatsa domin cire saiwar da ta naɗe, sannan a cire ledar duka.

Abubuwan tunawa

1. A ware sabon dashe mako 2, cikin inuwa, ba taki.
2. Jan toho a mangwaro alamar lafiya ce.
3. A zagaye tabo da bik, a sake dubawa bayan kwana 7.
4. A gwada ƙasa da yatsa kafin a ƙara ruwa.
5. Ba a fesa magani sai an ga ƙwaron.
6. Dashe mai cuta mai yaɗuwa ba ya shiga garka.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya kawo ganye 2 daga gida ko garka, ɗaya mai lafiya, ɗaya mai tabo, cikin leda a ɗaure. A rabu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya yi wa ganyensa tambayoyin nan huɗu, ya rubuta amsar a allo. Bayan an gama a ƙone ganyen masu tabo, a wanke hannu. Sannan kowa ya zaɓi icce ɗaya a gidansa ya yi masa gwajin mako ɗaya, ya kawo sakamakon a darasi na gaba.